Sikanin tsofaffin negatif: kurakuran da aka fi yi

Tun da kyamarar dijital ta kori fim daga hannun masu ɗaukar hoto, masu ƙera na'urar sikanin fim (mai mayar da negatif, wato wankakken fim ɗin hoto, zuwa fayil a kwamfuta) suka yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya. Konica Minolta ta bar harkar kyamara a 2006, Nikon ma ta daina ƙera sikanarta ta Coolscan. Sai irin su Plustek suka rage. Don haka mutane ke rububin na'urori na hannu, kuma tun daga nan ake fara tafka kuskure: a saya ba a duba wayar haɗinta ba. Wasu FireWire suke amfani da shi, tsofaffin ciki ma SCSI, kwamfutar yanzu kuwa ba ta da mazauninsu. Ka tabbatar da wannan kafin ka biya. Manhajar da ta zo da na'urar takan ƙi aiki, amma manhajojin VueScan ko SilverFast suna tayar da yawancinsu.

Wanda ya fi ɓata wa mutane rai shi ne Digital ICE, dabarar da ke gano ƙura da hasken infirared ta goge ta. A negatif mai launi aikinta sai hamdala. A fim fari da baƙi na gargajiya kuwa, azurfar da ke jikinsa tana hana wannan hasken wucewa, sai na'urar ta ɗauki hoton kansa a matsayin datti. Ka ga fuskar mutum ta fito dabbare-dabbare, gashin gira ya narke. Fim ɗin Kodachrome ma yakan ba da irin wannan matsala. A irin waɗannan, kashe Digital ICE kawai, ka kaɗe ƙurar da 'yar robar hura iska, ka riƙe fim ɗin ta gefe. Ban da hurawa da baki, yawu ya fi ƙura ɓarna.

Kada lambar jikin kwali ta ruɗe ka. Faɗin hoto ɗaya a fim 35mm milimita 24 ne da 36, a 4000 dpi (yawan ɗigo a kowane inci) yana ba da fiksel kusan miliyan 21. Na'ura mai shimfiɗaɗɗen gilashi da aka rubuta wa 6400 dpi ba ta kai can a zahiri, fayil ɗin ne kawai ke kumbura. Kuma ka adana na asali a tsarin fayil na TIFF mai bit 16, JPEG na turawa ne.

Babban kuskuren duka, a ganina, zubar da negatif bayan an gama. Yanzu da yawa sun koma ɗora fim a kan allon haske su ɗauke shi da kyamarar dijital mai lensin kusa, manhaja ta juya launin. Cikin daƙiƙu ake gama abin da sikana ke cin mintuna a kai, kuma kyamarorin ƙara kyau suke yi. Wanda ya zubar da nasa, sikanin da ya yi shekaru goma da suka wuce shi ke nan gare shi. Saka negatif ɗinka a rigar ajiyar fim marar asid, wuri mai sanyi da babu laima.