Darasi na 9: Tauraro mai dishi-dishi da nisansa

Mataki na farko, fita waje. Da hunturu bayan isha'i ku tsaya a tsakar gida, a kashe tocila, a ɗan jira ido ya saba da duhu sannan ku nemo Kaza da 'Ya'yanta. Kusa da ita ta gabas akwai taurari da suka jeru a siffar harafin V, babu shi a bokon Hausa shi yasa na rubuta muku, ga shi nan: V. A kan reshe ɗaya akwai tauraro ja-ja mai haske sosai, sunansa Aldebaran, ba shi muke nema ba. Namu yana kan ɗaya reshen, wanda ya fi kusa da Kaza, haskensa kaɗan ne, masana suna ce masa Epsilon Tauri. In baku gan shi daren farko ba babu komai, gobe ma rana ce.

Mataki na biyu, nisa. A nan ne mutane suke tuntuɓe, don haka a hankali zamu bi. Haske tafiya yake, yana cin kilomita wajen 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Hasken Rana kafin ya iso mana sai ya yi minti 8 da 'yan daƙiƙu. To nisan da haske yake ci in ya shekara yana tafiya shi ake kira shekarar haske.

Ku faɗa da baki: shekarar haske nisa ce. Ku sake faɗa. Yanzu ku ɗauki biro ku rubuta shi sau 3 a littafinku, kar a yi sauri, rubutu mai kyau. Madalla.

Tauraronmu yana nisan shekarar haske wajen 150, Aldebaran kuma wajen 65. Tambaya: 150 ɗin nan shekarun tauraron ne? A'a. Nisansa ne daga nan. Wanne ya fi nisa? Mai 150. In ka amsa daidai ka yi ƙoƙari, in baka amsa daidai ba koma sama ka sake karantawa, ba abin kunya bane.

Amma haba jama'a, iyayena da yayyena, kullum sai an samu wanda zai ce wai tauraron shekararsa 150 da haihuwa, kuma da an bincika sai a ga bai rubuta jimlar nan ba sam, ya tsallake ta don yana ganin ya gane. Dan Allah kar a tsallake. Tauraron nan ya yi ɗaruruwan miliyoyin shekaru a duniyarsa, 150 kuwa tsawon hanyar da ke tsakaninmu ne. Shekarar haske nisa ce, a ƙara rubutawa sau ɗaya.

Mataki na uku, yaya aka auna tunda ba wanda ya je? Miƙe hannunka, ɗaga babban yatsa, rufe idon hagu ka duba, sai ka buɗe shi ka rufe na dama. Yatsan ya yi kamar ya matsa ko? Matso da shi kusa da hanci ka sake, zaka ga matsawar ta ƙaru. Masana suna duba tauraro yau, su sake dubawa bayan wata 6 lokacin da duniya ta zagaya ɗaya gefen Rana, matsawa kaɗan na nufin nisa da yawa. Kumbon Gaia da Turawa suka harba a 2013 wannan aikin ya yi wa taurari fiye da biliyan ɗaya.

Mataki na huɗu, girma. Faɗin tauraronmu ya ninka na Rana wajen sau 12, haskensa ya ninka nata sau gommai, nisa ne ya dushe shi kamar fitilar tirela da ka hango daga can ƙarshen titi. Launinsa ruwan lemo ne don bai kai Rana zafi a fatarsa ba. Ya tsufa ne ya kumbura.

Mataki na biyar. A 2007 masana a Japan sun gano wata duniya tana zagaya shi.

Aikin gida: rubuta 65 da 150, ja layi ƙarƙashin wanda ya fi nisa, a kawo littafi aji.