Kurakuran da muke yi kan gadon hali da ƙwaƙwalwa

A kasuwar Mile 12 ta Legas na san wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, dukansu dillalan tumatir. Wan sai ya juya lissafi sau uku kafin ya sayi kwando goma, ƙanen kuwa mota guda yake ɗauka bashi ko gezau. Da ƙanen ya karye sai aka ce, "Ai kakansu ya gado, ba ya gyaruwa."

Wannan magana ta fi komai yi mini ciwo, don an mai da gado hukunci. Binciken da aka fara a Minnesota ta Amurka a 1979, kan tagwayen da suka tashi a gidaje daban-daban, ya nuna gado na da hannu a bambancin halaye, kusan rabi. Sauran yana ga abin da mutum ya ci karo da shi a rayuwa. Kuma babu wata ƙwayar halitta guda ta ganganci, dubbai ne kowace ke ɗan turawa. Mai rawar kai ya kafa wa kansa shinge: kada ya rufe babban ciniki sai ya kwana, ya kuma shawarci mai sanyin rai.

Sai batun samarinmu da ke cika shagunan caca a Agege. Muna cewa kwaɗayi ne kawai. Akwai sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa, aikinsa kunna sa rai, kuma ya fi motsawa in ladan ba shi da tabbas. Shi ya sa "saura wasa ɗaya na ci" ke mai da yaro gobe. Har wasu masu cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, da ake ba maganin da ke aiki irin na dofamin sukan faɗa caca, alhali da ba su yi. Zagi ba ya kashe wannan. Raba shi da shagon da manhajar caca ta waya, a riƙe masa kuɗin.

Muna kuma mantawa cewa sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum burki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, kuma rashin barci na raunana shi. Wanda ya kwana sauke kaya bai kamata ya yanke shawarar saki ko bashi da asuba ba.

In abin ya haɗa da tramadol ko kodin, a bar duka da ɗauri, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba.