Yadda za ku hau keke mai sirdi biyu ke da maigida ba tare da kun sha ƙasa ba

Hutun da muka je Holand wajen ƙanin maigida ne na fara hawa keken nan mai sirdi biyu da feda biyu, wanda Turawa ke ce wa tandem. Mun tsallaka zuwa tsibirin Texel, jirgin ruwa daga garin Den Helder kamar minti 20 ne, can muka ɗauki hayarsa, yara kuma kowa da ɗan kekensa. To duk mai niyyar gwadawa ga abin da na koya, don wallahi abin akwai daɗi in an bi shi a hankali.

Ki fara cire wa ranki cewa goyo ne. Ba goyo ba ne sam. Akwai sarƙa ɗaya da ta haɗa fedar gaba da ta baya, in ƙafar mutum ɗaya ta juya dole ta ɗayan ma ta juya, ba damar ki ce kin gaji ki tsaida ƙafa shi ya ci gaba da tuƙi. Birki da giya da juya kan keke duk suna hannun na gaba, hannun keken da ke gabanki a kafe yake, na riƙewa ne kawai. Yawanci wanda ya fi nauyi kuma ya fi iya keke shi ke zama gaba, shi ya sa maigida ya zauna can.

Kafin ku bar shagon haya ku sa a daidaita muku tsayin sirdi kowa da nasa, ku matsa birki ku ji yana kamawa. Sai kaya, nan fa 'yan uwana mata ku kula sosai, abaya ko dogon hijabi in ya sauka sarƙa za ta cafke shi, nawa bakin abayar sai da ya sha baƙin mai tun ba mu yi nisa ba. Wando mai kauri a ciki, riga iya gwiwa, hijabi madaidaici a soke shi da kyau saboda iskar teku ba ta wasa. Shi ma maigida ya ajiye dogon kaftani a masauki.

Wajen tashi ne aka fi faɗuwa. Shi zai fara hawa ya dire ƙafafunsa biyu a ƙasa ya ɗan buɗe su, ya danne birki biyun, sannan ke ki hau ki ɗora ƙafa duka biyu kan feda, ki juyo masa fedar ta zo sama ta ɓangaren ƙafar da yake tashi da ita. Ya ƙirga ɗaya biyu uku ku taka tare. In an tsaya a mahaɗa ma kar ki sauke ƙafa, shi zai tokare, in kowa ya sauke nasa ɓangaren keken karkacewa yake yi. Ku gwada haka sau biyar ko shida a fili kafin ku hau hanya.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne ba na ganin gabana, bayansa kawai nake kallo, sai na riƙa leƙowa ta gefe, ashe duk leƙen da na yi keken sai ya yi tangal-tangal a hannunsa. Ya ce min “Maman yara, zauna daidai, ni zan riƙa gaya miki komai.” Haka kuwa aka yi, ga gargada, ga kwana ta dama, zan canza giya sassauta ƙafa, zan taka birki. Maza don Allah kar ku yi shiru a gaba, wadda ke baya duk ramin da kuka faɗa ita ta fi jin sa a ƙugu tunda ba ta shirya masa ba. Ke kuma aikinki miƙa hannu ki nuna inda za a juya, ki sa ido kan yara, ki duba lambobin da ke jikin allunan hanyar keke don da su ake gane hanya a ƙasar.

Keken dogo ne, kwana sai an buɗe mata, a shimfiɗaɗɗiyar hanya da gangara kuma gudu gare shi fiye da yadda kuke zato, a fara birki da wuri. In akwai tudu a rage giya tun kafin a kai gindinsa.

Ranar farko kar ku wuce kilomita 10 ko 15, sirdi na ciwo ga wanda bai saba ba. Ku fara fuskantar iska da safe kuna da ƙarfi, yadda a dawowa ita za ta riƙa turo ku, mu akasin haka muka yi, sai da muka sauka sau uku muna hutawa a gefen garken tumaki kafin mu kai shagon.