Yadda Ake Lissafa Turjiya da Wat Daga Bolt da Ampiya

Duk mai gyaran wuta a Bauchi, da ma mai gidan da ke son sanin abin da janaretansa zai iya ɗauka, yana bukatar lambobi biyu kafin komai: ƙarfin da ke tura wuta cikin waya, wanda ake aunawa da bolt (V), da yawan wutar da ke gudana, wanda ake aunawa da ampiya (I). Idan waɗannan biyun suka samu, turjiyar na'ura (R), wato yadda take tare wuta daga wucewa cikin sauƙi, da yawan wat ɗin da take ci (P) ba sai an yi kirdadonsu ba. Bajamushe Georg Ohm ne ya wallafa ƙa'idar farko a shekarar 1827, shi ya sa ma'aunin turjiya, wato om, yake ɗauke da sunansa.

Ƙa'idojin su ne R = V ÷ I, da kuma P = V × I.

Wutar da kamfanin JED ke rabawa gidaje a Bauchi da Gombe, kamar ta sauran Najeriya, an tsara ta ne a kan bolt 230. A ce an jona dutsen guga, mita ta nuna yana jan ampiya 5. Turjiyarsa ita ce 230 ÷ 5, wato om 46, abin da yake ci kuwa 230 × 5, wato wat 1,150. Idan ya yi awa biyu yana aiki ba yankewa, sai a raba wat 1,150 da 1,000 ya zama kilowat 1.15, a ninka shi sau 2, a samu yunit 2.3 da za su fita daga mitar kati. Wanda mitarsa ta awo ta nuna miliampiya sai ya fara rabawa da 1,000, domin miliampiya 500 rabin ampiya ce kawai, kuma a nan ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe.

Amfanin sanin turjiya yana fitowa ne idan wuta ta yi rauni, kamar yadda kan faru da yamma lokacin da kowa a unguwa ya kunna kayansa. Turjiyar dutsen gugar nan tana nan kusan yadda take, saboda haka idan bolt ya sauko zuwa 180, sai a yi amfani da P = V × V ÷ R, wato 32,400 ÷ 46, wanda ya kama wat 704. Bolt bai ragu da kashi ɗaya cikin huɗu ba, amma zafin ya ragu da kusan kashi biyu cikin biyar, dalilin da ya sa ke nan mai wanki da guga yake ta dannawa shadda ba ta kwanta ba.

Inda na fi son masu haɗa sola su tsaya su yi lissafi shi ne ɓangaren batir. Kayan wat 600 a kan bolt 230 ba su kai ampiya 3 ba, amma inbata da ke janyo wannan wat ɗin daga batir mai bolt 12 sai ta ja ampiya 50, har da ɗoriya saboda asarar da ke cikinta. Zafin da waya ke yi ana lissafa shi da P = I × I × R, don haka wayar da turjiyarta ba ta wuce om 0.02 ba za ta ƙone wat 50 a banza. Siririyar waya mai arha a tsakanin batir da inbata gobara ce ake ajiyewa a ɗaki. Haka kuma soket mai ampiya 13 iyakarsa wat 2,990, komai yawan ramukan da aka ƙara masa.

Wajen awo, bolt ana ɗaukarsa ne ta ɗora bakunan mita biyu a kan wayar wuta da ta nutural. Ampiya kuwa ta fi sauƙi da aminci da mita mai baki irin na filaya, wadda ake samu a shagunan kayan wuta, amma waya ɗaya tak ake saƙala mata, domin idan aka haɗa biyun mitar za ta nuna sifili. Ba a auna turjiya kai tsaye sai an cire na'urar daga wuta gaba ɗaya.

Wannan lissafi yana tafiya daidai ne ga kayan da aikinsu zafi ne, irin su hita, dutsen guga da butar lantarki. Firiji, fanka da injin jan ruwa na burtsatse suna da mota, wato injin da ke juyawa, a ciki, saboda haka V × I yana ba da bolt-ampiya (VA) ne, ainihin wat ɗin kuma bai kai haka ba. Bugu da ƙari, a lokacin tashi irin wannan mota takan ja ninkin ampiyarta sau da dama, saboda haka mai zaɓar janareta ko inbata dominsu ya bar rata mai yawa a sama da abin da lissafi ya ba shi.