Yadda ake saita alam ɗin faɗuwar wuta a babbar cajar batir

Satin da ya wuce aka kira ni wata ma'aikata a Sabon Gari wai batiransu sun mutu alam bai yi kuka ba, ina dubawa na tarar an saita shi a volt 42 a layin volt 48. To ai 42 nan ne ƙarshen batir, sel 24 ne, wato ƙananan ɗakunan da suka haɗu suka ba da volt 48, kowanne ya sauka volt 1.75, kukan da zai yi a lokacin ba shi da amfani, wlh abin ya ɓata min rai don batiran ko shekara biyu ba su yi ba.

Ni a layin 48 ina sa shi wajen 46, hakan na ba mai gadi lokacin ya je ya tada janareto kafin batir ya galabaita. Kada kuma ka kai shi kusa da 54 inda caja ke riƙe batir in ya cika, in ka yi haka duk sanda NEPA ta ɗauke sai ya kama ihu, kwana biyu za su gaji su cire wayar.

Kafin ka buɗe akwatin cajar, cire zobe da agogo, sukundireba mai roba a jiki kawai, sannan ba shan sigari a ɗakin batir saboda iskar da yake fitarwa tana kamawa da wuta.

Ɗora mitarka ta auna volt a kan kawunan batir ɗin kai tsaye, kar ka yarda da abin da allon caja ke nunawa, na sha ganin bambancin rabin volt. Sai ka kashe wutar da ke shiga caja ka bar kaya suna ja, ka ja kujera ka zauna don yana ɗaukar lokaci. Da mita ta nuna 46 sai ka nemi ɗan ƙaramin sukurun da ke kan katin alam, ka riƙa juya shi a hankali a hankali har jar fitila ta kama ka ji rile, wato ɗan makunnin da ke kunna alam, ya yi ƙas, nan za ka tsaya. Sabbin caja kam lambar kawai za ka danna a menu, in akwai wurin jinkiri sa masa daƙiƙa 30 don kar tashin injin lantarki ya ruɗe shi.

Mayar da wuta, ka tsaya ka ga fitilar ta mutu da kanta, sannan ka rubuta lambar da kwanan wata a cikin murfin.