Yadda ake jinyar akuyar da ta kwanta ta kasa tashi

Akuya dabba ce mai ɓoye ciwo. Duk ranar da ka ga ta kwanta, an zuba abinci 'yan uwanta sun ruga ita ko motsi, to ciwon ya kwana biyu yana cin ta. Abin da na fi so mai kiwo ya riƙe shi ne, kwanciyar ita kanta wata cuta ce a kan cuta. Awaki da dama ba ciwon da ya kayar da su ke ƙarasa su ba, kumburin ciki ne da ƙishirwa da sanyi da mutuwar ƙafafu. Magani na likita ne, amma jinyar da za ta riƙe ta har maganin ya yi aiki a hannunka take.

Da farko, gyara mata kwanciya

Kafin ka nemi waya ko ka buɗe kwalbar magani, duba yadda ta kwanta. In ta miƙe a kan gefenta, ƙafafu a warwatse, kai a ƙasa, maza ka tayar da ita ta zauna a kan ƙirjinta, ƙafafun a naɗe ƙarƙashinta kamar yadda take yi in tana tuƙa. Dalilin shi ne tumbin akuya ba ya daina samar da iska, kuma gyatsa ce ke fitar da ita. In tana kan gefe, abin da ke cikin tumbin sai ya toshe hanyar gyatsar, ciki ya kumbura ya danne huhu. Wani lokaci ma ruwan tumbin ya biyo maƙogwaro ya faɗa huhun.

Tokare ta da buhuna biyu cike da busasshiyar ciyawa, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. In wuyanta na langaɓewa, naɗe tsumma ka sa mata a ƙarƙashin haɓa. In wurin gangare ne, kan ya kasance ta sama. Ka kai ta inuwa, inda ba iska mai kaɗawa, a kan shimfiɗa mai kauri busasshiya, kuma ka raba ta da sauran garke, don za su tattake ta, ga kuma gudun yaɗuwar cuta. Wajen ɗauka, kada a ja ta da ƙaho ko ƙafa; a ɗora ta a kan bargo mutum biyu su kama.

Sai ka bincike ta da kanka

Wannan binciken minti goma ne, amma shi ne ke bambanta magani da kame-kame.

Auna zafin jikinta ta dubura. Na lafiyayyar akuya yana tsakanin digiri 38.5 da 39.7 a ma'aunin Salshiyos. In ya haura 40, zazzaɓi ne, ka yi tunanin ƙwayar cuta. In ya sauka ƙasa da 38, abin ya fi ba ni tsoro, don jiki ne ya fara sallamawa. Sa yatsa a bakinta, za ka ji shi da sanyi. Irin wannan ɗumama ta za a fara yi: bargo, da gorunan ruwan ɗumi a naɗe cikin tsumma a jikin haƙarƙarinta. Ba a ɗura wa dabbar da jikinta ya yi sanyi abinci ko madara sai ta ɗumama.

Ja fatar idonta ta ƙasa a cikin hasken rana. In launinta ja ne ko ruwan hoda mai ƙarfi, jini na nan. In ta yi fari fat kamar takarda, jini ya ƙare. Akwai katin FAMACHA da aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu, mai launi biyar, kowane launi da lambarsa daga 1 (ja) zuwa 5 (fari), da ake gwada wannan fatar da shi. Mai lamba 4 ko 5 tana cikin haɗari.

Kara kunnenka a kwiɓinta na hagu. Lafiyayyen tumbi yana ƙugi sau ɗaya ko biyu a minti. Shiru ba alheri ba ne. In kwiɓin ya tashi ya yi tauri, ka buga ka ji kamar ganga, kumburi ne. Tsunkuli fatar wuyanta ka saki: in ta tsaya ba ta koma nan take ba, ruwan jikinta ya yi ƙasa. Shafa ƙafafu da baya ko akwai karaya ko rauni, leƙa tsakanin kofato da ƙarƙashin wutsiya ko akwai kaska. Sannan ka tambayi kanka: tana da ciki? Ta haihu kwanan nan? Me ta ci jiya?

Kira likitan dabbobi da wannan bayanin a hannu

«Akuyata ta kasa tashi» ba ta isa likita ya san abin da zai ɗauko ba. Amma in ka ce zafinta kaza, idonta fari, cikinta wata huɗu, ka rage masa rabin aiki. Ga abin da alamun suka fi nunawa.

Farin ido, da kumburi mai taushi a ƙarƙashin muƙamuƙi, yawanci aikin tsutsar ciki ce mai shan jini, wadda ake kira Haemonchus. Guda ɗaya na shan kusan mililita 0.05 a rana, dubu kuwa mililita 50 ke nan kullum. Ana ba da maganin tsutsa daidai nauyin akuyar, ba da ƙiyasin ido ba. Likita ne zai zaɓi wanda har yanzu yake ci, domin tsutsar ta saba da wasu magungunan. A cikin magungunan tsutsar, albendazole ba a ba mai ƙaramin ciki, levamisole kuwa in ya ɗan wuce ƙima guba ne. Ko tsutsar ta mutu yau, jini sai ya ɗauki makonni kafin ya dawo, saboda haka kada a matsa mata da tafiya.

Mai tsohon ciki, musamman mai ɗauke da biyu ko uku, in ta fara ƙin abinci a makonni shida na ƙarshe sannan ta kwanta, sukarin jikinta ne 'ya'yan suka shanye. Jiki sai ya koma ƙona kitse, gubar da ke fita daga nan ta kayar da ita. Ana ɗura mata propylene glycol, wani ruwan magani da jiki ke mayarwa sukari, mililita 60 sau biyu a rana. Kafin a samo shi, ruwan sukari ko gulukos yana ɗan riƙe ta. In kuwa dab da haihuwa ne ko bayanta, ga rawar jiki da sanyin kunne, ƙarancin kalsiyam ne. Allurarsa ta jijiya aikin likita ce kaɗai, don in aka yi ta da sauri zuciya na iya tsayawa.

Wadda ta ɗaga kai sama kamar mai kallon taurari, ba ta gani, idanu na rawa, sau da yawa ƙarancin bitamin B1 ne, kuma allurar tiyamin, wato shi bitamin B1 ɗin, da wuri takan tayar da ita cikin kwana ɗaya ko biyu. Wadda ta yi ta zagaye gefe guda kafin ta faɗi, kunne ɗaya ya saki, yawu na dalala, ka tuhumi ruɓaɓɓen abinci mai funfuna. Wannan sai allurar kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi. Wadda ta faɗa wa buhun hatsi ta ci ta ƙoshi, a ɗauke mata hatsi kwata-kwata, a jiƙa cokalin bekin soda a ruwa a ba ta. Kumburi mai kumfa kuma man girki mililita 60 zuwa 100 yana karya shi, ana yi ana murza kwiɓin hagu. Zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo a tare, musamman in ba ita kaɗai ba ce, ka yi zargin PPR, wata annobar awaki da tumaki mai saurin yaɗuwa, ka sanar da jami'an lafiyar dabbobi.

Abin da nake roƙo shi ne kada a haɗa mata allurai huɗu a rana ɗaya wai ko ɗaya zai dace. Hanta da ƙodar da suka riga suka galabaita ne za su ɗauki nauyin.

Ruwa da abinci

Babbar akuya na bukatar ruwa lita 2 zuwa 3 a rana, fiye da haka in tana zawo. Kai mata kwanon har bakinta. In ta ƙi, haɗa lita ɗaya ta ruwan ɗumi da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ka ba ta da sirinji marar allura. A nan ne hannu ke kashe akuya da kyakkyawar niyya. Kada ka ɗaga hancinta sama, bar kan a miƙe daidai. Zura sirinjin ta gefen baki, ka matsa kaɗan, ka sa yatsu a maƙogwaronta har ka ji ta haɗiye, sannan ka ƙara. Da ta yi tari, dakata. In ba ta haɗiyewa sam, kada ka ɗura komai. Sai likita ya sa mata ruwa ta jijiya ko ta tiyo.

Abinci kuwa, ɗanyen ganyen itatuwan da ta saba ci ya fi komai jan hankalinta, sai busasshiyar ciyawa mai kyau. Hatsi a dakata da shi. Na taɓa jinyar wata da ta kwana uku ba ta kalli kwano ba, amma da na riƙa tura mata ganye ɗaiɗai ta gefen baki, sai ta fara murza shi a hankali, idonta a lumshe. In tumbi ya daɗe shiru, akan ciro ɗan curin tuƙa daga bakin lafiyayyar akuya, a dama da ruwan ɗumi a ɗura wa mara lafiyar, don ƙwayoyin da ke narka abinci su dawo. A yi hattara da turamen haƙoranta, suna yanka yatsa.

Juyawa da ɗagawa

Nauyin jikinta yana danne ƙafar da ke ƙasa, jini ya daina gudana, tsoka ta fara mutuwa. Shi ya sa kowane awa biyu zuwa uku za ka karkata ta zuwa ɗaya cinyar, har da dare in da hali. Duk juyawa ka miƙe kowace ƙafa ka lanƙwasa sau goma, ka murza cinyoyin. Canza shimfiɗar da fitsari ya jiƙa, ka wanke mata baya ka tsane, don ƙuda na saka ƙwai a wurin, tsutsa ta fito cikin kwana guda.

Sau biyu ko uku a rana, ɗaga ta. Huda buhu mai ƙarfi ramuka huɗu na ƙafafu, ka buɗe wurin hantsa, ka rataye shi a jikin katako yadda kofatanta za su taɓa ƙasa. Minti goma zuwa ashirin ya isa da farko, kuma kana tsaye a kanta. In ta saki jiki tana reto, sauke ta. Mai karaya ko tsohon ciki sai da shawarar likita.

Kare kanka, ka kuma san inda aka kwana

Sa safar hannu in ta yi ɓari, domin wasu cututtukan ɓari suna kama mutum, kuma mace mai ciki ta nisanci wurin. In halinta ya sauya, tana dalalar yawu, kuma ana zargin kare ya cije ta, kada ka sa hannu a bakinta, don gudun ciwon haukan kare. Kowane magani yana da kwanakin da ba a shan nonon dabbar ko cin namanta, suna rubuce a jikin kwalbar. In kuwa ta mutu farat ɗaya jini na fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe ta.

Wadda ta wuce kwana uku zuwa biyar ba ta ci, ba ta iya riƙe kanta, tana niƙa haƙora don azaba, zauna da likita ku yanke shawarar da za ta hutar da ita. Amma wadda ke cin ganye tana bin ka da ido, ci gaba da juya ta ko da an shiga mako na biyu. Alamar farko da za ka gani ita ce tuƙa ta dawo, sai kashinta ya koma ƙwaya-ƙwaya, sai wata safiya ka tarar ta ɗago gindi tana gurfane a kan gwiwoyin gaba. Ranar da ta miƙe, bar ta a keɓe wasu kwanaki, ruwa da ganye kusa da ita, har sai ƙafafun sun daina rawa kafin ta koma cikin garke.