Kilim ya daina jin magana? Duba nan kafin a ce maka kart ya ƙone

Jama'a in Afrilu ya kama a Damagaram zafi ya haura 40 kowa ya san abin da ake ciki, kuma lokacin ne kilim ke fara halinsa, ka danna telekomand shiru, ko na cikin ɗaki yana hura iska amma injin waje ko motsi, sai wata lamba tana ta ƙyaftawa a fuskarsa. Ka kira mai gyara, kafin ya gama kafe babur ya ce maka kart ne ya ƙone, wato allon lantarkin da ke sarrafa kilim ɗin, sai an aiko da sabo daga Kano. Wani lokacin gaskiyarsa ce. Amma sau da yawa kart ɗin lafiyarsa lau, saƙo ne ba ya isa daga wani ɓangare zuwa wani, kuma abin da ya tare shi bai wuce pil ko waya ba.

Kilim mai gida biyu, wanda ake ce ma siplit, abubuwa huɗu ne ke magana da juna a cikinsa. Telekomand na gaya ma kart ɗin ciki sanyin da kake so, wata ƴar sonda da ke bakin inda iska ke shiga tana gaya mashi zafin ɗakin, kart ɗin ciki kuma ya aika ma kart ɗin waje ta waya cewa tada kwampireso, wato injin da ke tura gas ɗin sanyi, ko rage gudu. Ko ina maganar ta yanke, kai dai abin da za ka gani zufa ne.

Fara da telekomand don shi ne ba ya cin kuɗi. Buɗe kamarar wayarka, ka nuna mata ɗan ƙwan da ke goshin telekomand ɗin ka danna, in yana aiki za ka ga haske kamar shuɗi-shuɗi yana ƙyaftawa a allon waya duk da ido ba ya ganinsa. Wasu wayoyin kamarar baya ba ta nunawa, sai ka juya ta gaba. In babu haske canza pil, duka biyun, kuma ka duba ƙarfen da suke zama a kai ko pil ya zubar da ruwa ya yi farin tsatsa, a kankare shi. Rubutu na fitowa a fuskar telekomand ba shi ke nuna pil na da ƙarfin aika saƙo ba, wannan na ruɗin mutane sosai. Sannan ka duba alamar da ke jiki, yara na wasa da shi su mayar da shi kan alamar rana wato ɗumama ɗaki, ko ɗigon ruwa, ko fanka kawai. Alamar sanyi ita ce mai kama da tauraro mai rassa. In ka ɗaga murfin gaban kilim ɗin, yawancinsu akwai ɗan maɓalli ƙarami a gefe, danna shi, in ya tashi to laifin na telekomand ne ko idon da ke karɓar saƙonsa, wanda ƙurar hunturu ma kaɗai na iya rufe shi.

Kuma dan Allah a riƙa haƙuri na minti 3. In kuran ya ɗauke ya dawo, ko ka kashe ka kunna, da gangan kart ke hana kwampireso tashi nan take don gas ya daidaita, ba lalacewa ba ce.

To yanzu mu zo kan lambar da ke ƙyaftawa, nan ne maganar take. Kowane kamfani da tasa lambar da ke nufin ciki da waje sun daina jin juna. Gree na nuna E6, LG na nuna CH05, Samsung E101, Daikin U4, Panasonic H11, Haier kuma E7. Kar ka ɗauki lambar wani kamfani ka fassara ta a kan wani, E6 a wata marka wani ciwo ne daban, ka duba ɗan littafin da ya zo cikin kwali in ba a yar da shi ba. Abu na farko, sauke dijantar ɗin kilim gaba ɗaya, ba kashewa da telekomand ba, ka bar shi kamar minti 10 ka mayar. Kart ɗin ƴar kwamfuta ce, in kuran ya yi wasa ko an juya daga layi zuwa gurup tana rikicewa, kuma wannan kaɗai kan warware ta. In lambar ta dawo bayan ƴan mintoci to akwai abin dubawa.

Sauke dijantar kuma, ka tabbata da testa cewa babu wuta, bolt 220 ba abokin wasa ba ne. Buɗe ɗan murfin da wayoyi ke shiga a na ciki, ka buɗe na waje. Za ka ga sukurori da lamba 1, 2, 3 ko L, N, S da na ƙasa. Ɗauki hoton duka biyun ka kwatanta, kalar da ta shiga 1 a ciki ita za ta shiga 1 a waje, haka har ƙarshe. In sabon ɗauri ne ko an ciro kilim ɗin daga wani gida, misali ka tashi daga Birni ka koma Sabon Gari, kuma tun ranar farko yake nuna lambar, ni dai kafin komi nan zan zarga, an juya waya. Jijjiga kowace da yatsa, wadda ke motsi a ɗaure ta, wadda ta yi baƙi ko kore a yanke bakin a feƙe sabo.

Sai ka bi wayar tun daga ɗaki har waje da idonka. Masu ɗauri da yawa in waya ta gaza sai su ƙara guntu su murɗa su naɗe da sikoc su tura cikin bango, rana ta gasa shi wata da watanni, ruwan Agusta ya shiga, shi kenan. Wayar wuta tana iya jure irin wannan haɗin ta ci gaba da aiki, amma ta saƙo ba ta jurewa, ɗan tsatsa kaɗan ya ishe ta. Ɓera ma na cinta inda ta bi ta rufi. Hanya mafi sauƙi ta ganewa, a samo waya sabuwa guda ba haɗi a ja ta ta taga daga ciki zuwa waje don gwaji kawai, in lambar ta ɓace ka gano ɓarawon, sai a canza wayar duka, kar a sake yin faci.

In waya lafiya lau, daga nan aikin mai gyara ne mai awo da miltimeta, amma ka tsaya a kansa ka san me yake yi. Zai sa awon a DC tsakanin N da S, wato wayar saƙo, kilim na kunne. In kart biyun na magana lambar awon ba ta tsayawa, tana hawa tana sauka. In ta kafe wuri guda to ɗayansu ya yi shiru. A kart ɗin waje yawanci akwai ɗan ƙwan fitila, in bai kama ba sam wuta ce ba ta isa, a duba fizibil tukuna. Kuma a duba ƙarƙashin kart ɗin, tsaka da ƙadangare na son ɗumin wurin, suna shiga su haɗa wuta su bushe a nan. Gargaɗi, manyan kwandansato, wato kayan da ke tara wuta a kan kart, na kilim inbata, irin wanda kwampiresonsa ke ƙara gudu ko ragewa, na riƙe wuta sama da bolt 300 ko bayan an sauke dijantar, a jira mintoci a auna kafin a sa hannu.

Tsohon kilim wanda ba inbata ba shi yawanci babu wannan hirar, kart ɗin ciki wuta kawai yake sakar ma kwampireso, don haka in na waje ya ƙi tashi a nemi rele, wato ɗan makunnin da ke sakar wutar, ko kwandansato. In kuma yana tashi amma yana tsayawa ɗaki bai yi sanyi ba, ko ba ya tsayawa sam, a duba sondar nan, wani lokaci wajen wanke filta ake ture ta ta jingina da ƙarfen sanyi sai ta riƙa ba kart labarin ƙarya. Ana cire ta a auna, da yawa suna ba da om dubu 10 a zafin 25, wasu dubu 5 wasu dubu 15, kuma in ka dumtse ta a hannu lambar ta riƙa sauka. In za a canza a sa mai lamba irin tata, ba duk wadda aka samu a kasuwa ba.

    

In har ta tabbata kart ne, tambayi mai gyaran wanne daga ciki, na ɗaki ko na waje, kuma me ya gani a awo da ya ce haka. Sau tari ƴan ƙananan kayan da ke layin saƙon ne suka mutu, mai gyaran rediyo da tele da ya iya hannunsa na iya canza su. Ka karɓi tsohon kart ɗinka ka ajiye, ka tabbata lambar jikin sabon ta yi daidai da ta tsohon, kuma kafin a kunna a sa regilate ko ɗan akwatin nan mai jinkirta wuta in kuran ya dawo, sannan a toshe ramin da waya ke shiga injin waje saboda tsaka.